Muryata a Kan Motar Alhaji

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na ji muryata tana yawo a kasuwar Jibiya, ni kuwa ina zaune a rumfar 'yan goro ina ɓare gyaɗa. Ikon Allah! Shekara ashirin da biyu ina taka ƙasa da lasifika a kafaɗa, ina shelar rigakafi da ranar awo da ɓatan akuya, sai da na tsufa sannan murya ta samu mota, mai muryar bai samu ba.

Jiya aka ɗauki muryar a waya. Sadiq, wanda ke riƙe da kamfen ɗin Alhaji Badaruddeen a zaɓen cike gurbin nan, shi ya zo har gida da takarda. Muka shiga mota, ya ɗage gilasai, ya kara mini waya a baki. Ya ce in fara da buɗewar da nake yi wa shelar asibiti, wai ita mutane suka sani. Na gyara murya na ce, "Salamu alaikum masu gida, Lado ne, a ajiye taɓarya a ba ni kunne." Sannan na karanta abin da ke takardar: in aka zaɓi Alhaji, awo da haihuwa da maganin yara kyauta ne a ƙaramin asibitinmu, ga na nan da na tsallaken iyaka, domin ciwo ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Da zuciya ɗaya na karanta, don ina da nawa a tsallake. Sau ɗaya aka ɗauka, ban yi tuntuɓe ba. Sadiq ya ce, "Baba Lado, wannan maƙogwaro naka ai sai a saka shi a banki." Yaro da daɗin baki. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Littafin shela ne wannan, a bayansa nake rubutu. Tun da matata Fatsuma ta rasu ba ni da wanda zan cika wa kunne in na dawo gida.

Talata, 7 ga Oktoba, da azahar

Yarinyar ta zo.

Ɗiyar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mana. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna ban taɓa kama shi da bakina ba, haka muka tarar iyayenmu na yi, ga shi ko a takarda hannuna ya ƙi. Tana aure gidan Manu, a ƙauyensu da ke bayan Magama, ɓangaren Nijar. Asibitinmu ya fi musu kusa, minti ashirin ne a babur, Maraɗi kuwa sai an fita titi an jira mota. Shi ya sa duk Talata Manu ke kawo ta wajen Malama Rabi'a ungozoma. Dalilin zuwan ba maganar uba ba ce. Da uwarta na nan, ita za ta sani, ni sai dai in ji a sama-sama.

Kamar kullum, ta durƙusa daga bakin ƙofa. "Baba, ina wuni." Na ce lafiya, ina kallon bango. Ta share tsakar gida, ta ajiye mini kwanon dambu, ta ɗauki na makon jiya da na wanke. Kwano biyu ne muke musaya, mai fure ja da mai fure shuɗi. Yau mai ja ne a wurina.

Da za ta tafi ta ce, "Baba, mun ji ka a kasuwa. Inna ta ce Allah ya biya." Inna ita ce uwar Manu. Na ce amin.

Na ga ƙafarta. Silifa ya nutse a cikin nama. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya yi taro jiya a bakin tasha. Wai Alhaji zai kwashe maganin Najeriya ya raba wa baƙi, wai shi ya sa in ka je asibiti ko farasitamol babu. Aka yi ta tafi. Baƙi! Wanda ya faɗi haka, kakarsa daga Madarunfa aka ɗauko ta, kowa ya sani. A majalisar mai shayi yau ba a yi wata hira ba sai wannan. Na sha shayina na tashi.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Sadiq ya dawo da wata takarda.

Na karanta ta sau biyu a zaure, na ɗago na ce, "Sadiq, yau kwana bakwai da na ce kyauta ga kowa." Ya ce, "Baba Lado, siyasa ce. Cikin gari sun juya mana baya, ƙuri'a kuma a cikin gari take. Kai dai karanta, ai ba kai ka rubuta ba." Na ce ina da mura. Ya yi dariya, ya ce Alhaji da kansa ya ce a gaishe ni.

Nan ya kama ni. Ranar da ciwon Fatsuma ya tashi, motar Alhaji ce ta kai ta Katsina, shi da kansa ya tuƙa, kuma da shi aka sa ta a kabari. Da wane baki zan ce masa a'a? Na kuma lallashi kaina da cewa takardar ta fara da "in aka zaɓe shi". Ba a zaɓe shi ba tukuna. Wataƙila ma ya faɗi.

Muka ɗage gilasai. "Salamu alaikum masu gida, Lado ne, a ajiye taɓarya a ba ni kunne. In aka zaɓi Alhaji Badaruddeen, maganin Jibiya na 'yan Jibiya ne. Duk matar da ba ta da katin ɗan ƙasa ba za a auna ta ba, ba za a karɓi haihuwarta ba."

Sau uku aka ɗauka wannan karon. Yarinyar ba ta da katin. An ɗaura mata aure kafin masu rajista su iso unguwarmu, ba wanda ya sake bi ta kai.

Lahadi, 12 ga Oktoba, kafin magariba

Shela a tsaye ake yin ta. Ka tsaya a mararraba, ka faɗa sau uku, ka jira wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce me ka ce, ka sake faɗa mata. Haka na koya, haka nake yi. Mota ba ta tsayawa. Ɗanladi direban motar kuwa ko kura ce ta biyo shi sai haka.

Ina tsaye a 'yan hatsi ta zo wucewa. Na ji "Lado ne, a ajiye taɓarya," sai wata babbar mota ta danna hon ta haɗiye tsakiyar, abin da ya biyo baya shi ne "ba za a auna ta ba, ba za a karɓi haihuwarta ba." Sunan Alhaji bai fito ba. "In aka zaɓe shi" bai fito ba. Wasu mata uku 'yan tsallake da ke auna wake suka tsaya cak, suka dubi juna. Ɗayarsu ta ce, "Ai mai shelar likita ne."

Na sa hula a fuska na bi ta bayan rumfuna na dawo gida.

Talata, 14 ga Oktoba, da la'asar

Ba ta zo ba. Na wanke kwanon tun da safe.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Malama Rabi'a ta aiko a kira ni. Shekara goma ke nan ita ke ba ni takardar shelar asibiti, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Yau ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta nuna mini bencinan awo. Ta ce, "Malam Lado, mata talatin da ɗaya nake aunawa daga tsallake. Jiya huɗu suka zo, su ma a tsorace. Wa ya ce maka mun hana kowa? Ni na ba ka takarda?" Na ce ta Alhaji ce, alkawarin zaɓe ne. Ta ce, "Ni na san haka. Su muryarka suka sani. In ka ce ranar rigakafi ce, su fito da 'ya'yansu. In ka ce an hana, su zauna."

Sannan ta faɗi abin da ba a faɗa wa uba, ido cikin ido. Ta ce cikin ɗiyata wata takwas ne, jininta ya hau sosai, kumburin nan ba na banza ba ne, in ba a auna ta duk mako ba jijjiga na iya kama ta. Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce ta kira Manu da kanta, ya ce to, amma uwarsa ta ce daga bakin uban yarinyar suka ji, kuma ana ta yaɗawa wai duk wadda ba ta da kati jami'an shige da fice za a miƙa wa.

Ta ba ni ƙwayoyi a ambulan. "Na kwana bakwai ne. Amma ba su ne maganar ba, a kawo mini ita. Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Na ce to. Ambulan ɗin yana aljihuna.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Na je ofishin kamfen na ce wa Sadiq a sauke shelar nan. Ya ce, "Haba Baba Lado, ai ba doka ba ce, magana ce." Na ce mata sun daina zuwa awo. Ya ce 'yan tsallake ba sa zaɓe. Wallahi haka ya faɗa, yana danna waya. Na ce to zan fita da ƙafata in warware. Ya ɗago ya ce Alhaji zai ji ciwo ƙwarai, shi da ya ɗauke ni kamar yayansa.

Da na dawo na sauko da lasifikata daga ƙusa. Batir ya mutu. Na mayar da ita na rataye, wai sai na sayo batir. Shagon batir yana ƙofar gidana, taku goma sha biyar.

Na kira Manu. Sau huɗu kafin layi ya shiga.

"Lahiya lau, Baba. Ya ƙarhin jiki?"

Na tambayi gero, na tambayi wake, na tambayi ko tsuntsaye sun yi musu ɓarna. Na ce ya mutanen gida, ya ce lahiya. Na ce, "Manu, ranar Talata fa..." Ya ce, "Na'am, Baba?" Na ji shi ya natsu yana jira, shi ma kunyar ce ta riƙe shi. Na ce, "Na ce ko zuwa Talata za ku gama ɗaurin dami." Ya ce in sha Allahu.

Ni Lado, da ake jin muryata daga tasha har bakin gulbi. Tir!

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Motar ta wuce ta ƙofar gidana sau shida. Na ƙirga.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na yi niyya yau. Na san Inna ba ta fashin kasuwa, na tsaya mata a layin 'yan daddawa tun hantsi, hannuna a kan aljihu.

Ta hango ni ta rage tsawo daga nesa, ta ja mayafi ta rufe baki, ni ma na karkata gefe kamar yadda ake yi da suruka. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ina tattaro kalmomin, sai ga Ɗanladi da motarsa, muryata ta rufe mu duka biyun. Muka jira har motar ta wuce.

Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, munka ji saƙo. Mun gode da ka hwaɗa muna da wuri, kada mu tahi mu sha kunya bakin likita."

Godiya take yi mini! Na ce, "Ai ba haka ba ne, Inna." Ta ce, "Mun sani ba laihinka ba ne, aiko ka anka yi. Muna yi mata na gida, da sauƙi." Na buɗe baki. Abin da zan faɗa yana da ciki a ciki, yana da haihuwa, ga maza a tsaye suna ciniki. Na ce a gaida yara. Ta ce za su ji.

Sai da na cire riga a gida na ji ambulan ɗin ya faɗo.

Fatsuma, da ke ce, da tun ranar Laraba kin hau babur kin je kin tsaya musu a tsakar gida kin kwance zani kin ɗaure. Kin tafi kin bar ni da aikin da ban iya ba. Ina jin haushinki yau, Allah ya gafarta miki, ya gafarta mini.

Talata, 21 ga Oktoba, da azahar

Tun safe ina ƙarƙashin bishiyar bedin da ke kallon asibiti. Duk babur da ya ɓullo sai in miƙe. Ba ta zo ba.

Gobe da na idar da asuba zan je da kaina. Duk abin da za a ce a ce.

Laraba, 22 ga Oktoba, kafin magariba

Na je. Na ɗauki kwanon da ambulan, ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta bayan Magama. Ko mai tambayata kati ban gani ba a hanya.

Gidan a buɗe, ba kowa sai kaji. Turmi a kwance, gero a shanye ba a kwashe ba. Wata maƙwabciya ta leƙo, da ta gane ni sai ta fara salati. Ta ce jiya da azahar abin ya kama ta tana tankaɗe, ta faɗi, jiki na karkarwa, idanu sun juye. Jiya da azahar. Lokacin ina ƙarƙashin bedi ina ƙirga babura.

Suka ɗora ta a amalanke. A bakin garin akwai inda hanya ta rabu biyu, ta dama tamu ce, ta hagu ta fita titin Maraɗi. Matar ta ce Manu ya so ya yi dama, Inna ta ce a je a ce musu me, ba kati? Suka yi hagu. Sun daɗe a bakin titi kafin su sami mota.

Na tsaya a wurin da hanyar ta rabu. Daga nan ana hango tankin ruwan asibitinmu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da hantsi

Manu ya kira. Namiji ne. Bai yi kuka ba, an rufe shi can. Ita ba ta farfaɗo ba tukuna.

Alhamis, da la'asar

Ba labari.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta buɗe ido. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Sauran labarin yau ban so in rubuta ba, amma bari in rubuta don kada wata rana in ce mafarki na yi. Ashe mutanen Magama da Daddara da Bugaje sun yi fushi da Alhaji, don ba gidan da ba shi da ɗiya ko uwa a tsallake, kuma su suna da ƙuri'a. Jiya ya yi taro a Magama. Ya rantse bai taɓa cewa a kori kowa daga asibiti ba. Ya ce shi tun farko kyauta ga kowa ya ce, ga shaida a waya. Da aka tambaye shi shela ta biyun fa, sai ya ce mai shela ne ya ƙara gishiri, tsufa ya fara kama shi, a yi masa uzuri.

An mayar da ta farko kan mota. Ba su ma nemi in sake karantawa ba, tana nan a ajiye. Da na fito masallaci ta wuce tana cewa ciwo ba ya tsayawa a shingen kwastan, da muryata, fes, cike da farin ciki.

A sahu yau wanda ke damana ya bar tazara tsakaninmu. Mai shayi ya zuba mini yana kallon gefe, majalisa ta yi tsit har na tashi. Ban je na yi wa Sadiq rigima ba. Takardar da ya kawo tana nan cikin littafin nan da rubutun hannunsa, in na so in nuna. To in nuna a ba ni me? Shi ya rubuta, amma ba shi Inna ta ji ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, kafin magariba

Na je Maraɗi na dawo.

Ɗakin mata ne, na tsaya daga ƙofa, Inna ta tashi ta fita ta ba ni wuri ba ta dube ni ba. Yarinyar na kwance, an sa mata ruwa a hannu, fuska ta faɗa. Ta yunƙura za ta tashi ta gaishe ni, na ce kwanta. Na zauna a ƙasa kusa da gadon ina kallon ƙafar gadon. Na ce sannu. Ta ce yauwa. Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Ta ce amin, hawaye na bin kunnenta.

Can na ce, "Ba a hana kowa ba. Ba a taɓa hanawa ba. Maganar zaɓe ce."

Ta goge hawayenta. Sannan ta ce, "Manu ya gaya mini Malama Rabi'a ta kira. Ni ce na ce masa a bari. Na ce Babana bai taɓa shelar abin da ba haka ba. Tun ina ƙarama in ka ce gobe za a ɗiga wa yara magani, gobe ake ɗigawa." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi mini faɗa da na ji sauƙi.

Na ajiye mata kwanon, na saka lemo da ayaba a ciki. Ta ce, "Baba, ɗayan yana gida, ban samu na kawo ba." Haƙuri take ba ni a kan kwano.

A motar dawowa na yi kuka, wani ɗan kasuwa ya ɗauka ciwon ido nake.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da azahar

An sallame ta, tana gidan Manu. Malama Rabi'a ta tare ni a hanya. Ba ta yi mini faɗa ba wannan karon. Ta ce abin bai wuce ba, jinin kan sake hawa bayan haihuwa, yana iya kashe ta a cikin arba'in ɗin nan, lallai a kawo ta Talata. Ta ce ta kira, Inna ta ce mai jego ba ta fita, kuma su sun gaji da maganar Najeriya, yau a ce zo, gobe a ce kar ka zo.

Na sayi batir.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zaɓe. Ban fita ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Alhaji ya ci. Samari na ta wasa da babura. Sadiq ya aiko mini da shadda, tana zaure inda ɗan aiken ya ajiye ta.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da sassafe na rataya lasifika na hau kabu-kabu. A inda hanya ta rabu na ce ya sauke ni ya jira, na shiga garin da ƙafa.

Na tsaya a mararrabar farko. Na yi sallama, na ce Lado ne, yau ranar awo ce, ba a tambayar kati, ba a taɓa tambaya ba. Sau uku, yadda ake yi. Daka bai tsaya ba. Shekara ashirin da biyu, yau ne karo na farko da na ce a ajiye taɓarya aka ci gaba da daka. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, wagga ta likita ce ko ta Alhaji?" Na ce ta likita ce. Ta ce, "Waccan ma haka munka zata." Ta koma.

Na yi mararraba huɗu. Ba wadda ta fito.

Na isa ƙofar gidan Manu. Maza na zaune a kan dakali suna gyaran buhuna, ƙannen ubansa ne, surukaina. Suka miƙe za su shimfiɗa mini tabarma. Na san in na zauna za mu yi gero, mu yi wake, in ce a gaida yara, in tashi. Ban zauna ba. Na ɗaga lasifika na saita ta cikin gidan.

Na ce, "Ummusalma! Ummusalma! Ubanki ne. Jininki bai sauka ba, in ba a auna ki ba zai kashe ki. Ki fito mu tafi asibiti."

Wani dattijo ya ce subhanallahi, ya juya baya. Dakan garin ya tsaya, duka. Na ji Inna daga ciki tana cewa Malam ya taɓu. Na sake kira, na uku.

Sai na ji ana jan takalmi a hankali. Ta fito tana dafa bango, Manu na biye da ita da mayafinta a hannu. Ta dube ni, ni ma yau ban kalli bango ba. Ta ce, "Baba, ashe haka sunana yake a bakinka."

Manu ya tayar da babur. A mararraba ya yi dama.

Malama Rabi'a ta auna ta, ta ce ya hau ƙwarai, ta ba ta gado ta ce sai ta kwana biyu. Mata bakwai ne a benci yau, cikin talatin da ɗaya. Ta ce in koma Talata mai zuwa, da wadda ke bayanta, har su dawo. Na ce to.

Yanzu na dawo gida. Ba kwano ko ɗaya a nan, duka biyun suna can. Na zauna a bakin ƙofa inda take durƙusawa na gwada faɗinsa ni kaɗai, ba lasifika. Ummusalma. Bai ƙona mini harshe ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Da na kira shi ranar da Rabi'a ta ba ni ambulan ɗin nan, da yanzu ragon suna nake nema.